Zai Shiga

Shekara talatin da huɗu ina kwance injin ban ruwa
a bakin fadamar Argungu,
yatsuna na gane zaren noti kafin idona ya gani.
Yau ni aka kwantar, a Birnin Kebbi,
yaro mai farar riga ya ɗaga hoton ƙashina ga fitila
yana karanta ni yadda nake karanta fistin.

Ya ce, Baba Manu, ƙarfen cinyarka lafiya lau,
ƙashi ya rungume shi, ba mai raba su sai da ɓarna.
Ƙoƙon ma yana nan daram.
Robar ciki ce ta cinye, ita da ƙwallon za mu sake.
Na ce madalla,
ni ma ba na yar da inji don zobe ya mutu.

Sai ya ce, wane kamfani?

Shekara sha uku ke nan da aka dasa mini shi a Alƙahira,
kuɗin gona biyu da tsohuwar akori-kura.
Na tuna sanyin ɗakin, na tuna zaƙin shayinsu.
Sunan da ke jikin ƙarfen da nake takawa kullum,
shi ban sani ba.

Ya zana mini a bayan kati: ga wuya, ga kai.
Wuyan na tsukewa a hankali, kan ya hau ya kame.
Kowane kamfani da tasa tsukewar.
Lamba ɗaya za su rubuta,
amma saɓanin da bai kai silin gashi ba ya isa.
Kan wani zai hau wuyan wani,
har ya yi kamar ya zauna,
sannan kowane taku ya goga,
garin ƙarfe ya riƙa zuba cikin tsoka
shiru, shekara da shekara.

Ban ce komai ba. Na san wannan karatun.

Rani uku baya, Ɗangaladima Hore ya kawo injinsa a amalanke.
Ba ni da nasa, ina da mai kama da nasa.
Na ce zai shiga.
Na ɗauko guduma, ya kuwa shiga.
Ranar da shinkafarsa ke ɗaukar ciki injin ya yi tari ya tsaya.
Ya ce ƙaddara ce.
Na ce haka ne.

Tumba ta zazzage akwatin ƙarfe a tsakar gida:
takardar fili, katin rigakafin jikoki,
rasit ɗin rediyon da ya daɗe da mutuwa,
sauran kuma gara ta yi kalaci da su.
Balaraba ta buga lambar Alƙahira har kati ya ƙare,
wata murya na maimaita Larabci ɗaya.
Likita ya ce in ba a samu ba sai a cire duka,
a tsaga ƙashin a zaro abin da bai yi laifin komai ba.

Ilu ne, yaron shagona, ya zo da littafin bashi
baƙi ƙirin da man inji.
Ya ce, Baba, mi ne wannan?
A bangon baya, tsakanin lambar kabireta da ta fulogi,
ƙananan takardu huɗu a manne.
Hannuna ne ya ɓare su ya liƙa tun a gadon asibiti,
don bai taɓa ganin lambar kaya ya ƙyale ba.

Mako uku, in ji su, kafin nasa na ainihi ya iso daga Ikko.
Ina jira, ƙafa bisa matashi.
Littafin na nan gefena, a buɗe.
Shafi na tara, sunan Hore,
da sauran dubu huɗu da nake binsa na wancan aikin.

Ilu, miƙo mini biro.
Kuma gudumar nan, sauke ta daga kan tebur.